Giwan Ruwa: Asalin Sunansa, Mazauninsa da Yadda Ya Zama Kifin Argungu

Giwan ruwa shi ne kifi mafi girma da ake samu a kogunan ƙasar Hausa, kuma yana cikin manyan kifayen ruwan daɗi na duniya. Gawurtaccensa yakan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake irin wannan ya yi wuyar gani a zamanin nan. A kwarin Rima, tun daga Augie da Argungu zuwa Birnin Kebbi da Bunza har inda Gulbin Kabi ya faɗa Kwara, da shi ake auna gwanintar masunci, kuma galibi shi ne kifin da ke ɗaukar kyauta a bikin kamun kifi na Argungu.

Ba shi da wuyar ganewa. Jikinsa launin azurfa ne, da ɗan shuɗi-shuɗi a gadon baya. Bakinsa wangameme ne, muƙamuƙin ƙasa ya ɗan zarce na sama, idonsa baƙi da zobe ruwan ɗorawa a kewaye, kuma yana ƙyalli idan hasken tocila ya faɗa masa da dare. Fiffiken bayansa kashi biyu ne: na gaba yana da ƙayoyi 7 ko 8 masu tauri, na baya kuwa mai laushi ne. Wutsiyarsa zagayayya ce, ba ta rabu biyu irin ta tsage ba. A gefen kumatunsa akwai ƙashi mai kaifi da tsini, wanda kan yanke hannun wanda bai iya riƙonsa ba. Namansa fari ne mai kauri, ba shi da ƙananan ƙayoyin da ke hana mai ci sakewa, shi ya sa kuɗinsa ya ɗara na yawancin kifaye a kasuwa. Manyan da suka wuce misali kusan dukansu mata ne.

Hausawa sun saba ara wa halittun ruwa sunayen dabbobin tudu. Akwai ragon ruwa, wani kifi mai gashin baki, akwai kuma wannan da aka ba shi sunan babbar dabbar dawa saboda girmansa. Giwa mace ce a nahawu, don haka da an bi ƙa'ida "giwar ruwa" za a ce, amma bakin masunta da na 'yan kasuwa ya zauna a kan "giwan ruwa", domin kifi ake nufi, kifi kuwa namiji ne. Larabawan Sudan sun bi irin wannan hanya, suna kiransa da kalmar da ke nufin maraƙi. A Nijar da Mali da Cadi, inda Faransanci ya yi tasiri, sunansa a otal da kasuwannin birni "kaftin", sai dai a gaɓar teku wannan suna na wani kifin ruwan gishiri ne dabam, abin da kan rikita mai saye. A gabashin Afirka masu jin Suwahili suna ce masa sangara, Luwawan Kenya kuma mbuta.

Sunan da masana kimiyya suka san shi da shi, wato Lates niloticus, ya samo asali ne daga Masar. Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni sun san kifin sarai, sun zana shi a bangayen kaburbura, kuma a garin Esna, kimanin kilomita 55 kudu da Luksor, sun ɗauke shi abu mai tsarki da ke da alaƙa da abar bautarsu Neith. An tono maƙabarta guda a can cike da gawarwakin wannan kifi, an shafe su da gishiri an naɗe da ƙyallaye. Girkawan da suka mallaki Masar bayan Iskandari suna kiran kifin latos, saboda haka suka raɗa wa garin Latopolis, birnin latos. Masanin ƙasa Strabo, wanda ya ziyarci Masar kimanin shekara 25 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci garin da kifin a littafinsa.

A 1758 masanin halittu na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, wanda daga kansa ne aka fara lissafin sunayen dabbobi masu kalma biyu, ta farko ta dangi, ta biyu ta jinsi. A ciki ya ba wannan kifi kalmar niloticus, ma'ana na Kogin Nilu, amma ya jera shi cikin wani rukuni da daga baya aka ga ba danginsa ba ne. Gyaran ya zo a 1828, lokacin da Georges Cuvier na Faransa ya fara wallafa babban aikinsa kan kifayen duniya tare da Achille Valenciennes, aikin da ya kai juzu'i 22. Cuvier ya ware masa dangi na kansa, ya ɗauko tsohuwar kalmar Girkawa ya mai da ita Lates. Daga baya, da samfuran kifi suka yi ta kwarara zuwa gidajen tarihi na Turai daga Kwara da Binuwai da Tafkin Cadi da Sanagal da Kwango, sai ta tabbata cewa jinsi ɗaya ne ke zaune a duk waɗannan ruwaye. George Boulenger na gidan tarihin Landan ya tattara wannan ilimi a kundinsa na kifayen ruwan daɗi na Afirka mai juzu'i 4, tsakanin 1909 da 1916. Sunan Nilu ya zauna ne kawai domin can Turawa suka fara cin karo da kifin. Bai nuna cewa daga Nilu ya taso ya bazu ba, kuma giwan ruwan Argungu ba baƙo ba ne a Gulbin Kabi.

Danginsa kuwa suna nuni zuwa teku. Ɗan'uwansa na kusa, wanda mutanen Ostareliya ke kira barramundi, yana zaune a gaɓar tekun Indiya da yammacin Fasifik, yana shiga koguna ya girma, sannan ya koma ruwan gishiri ya yi ƙwai. Wani ɗan'uwan yana gaɓar kudancin Japan. Shi kansa giwan ruwa bai yar da wasu halaye na kifin teku ba. Ba ya gina gida kamar bargi, ba ya riƙe 'ya'ya a baki kamar wasu nau'o'in ƙarfasa. Macen takan saki miliyoyin ƙananan ƙwai masu ɗigon mai a ciki, su yi ta yawo a ruwa ba mai tsaronsu, kamar yadda yawancin kifayen teku ke yi. Yana kuma jure ruwa mai ɗan gishiri, don ana samunsa a Tafkin Maryut kusa da Iskandariya. A cikin Afirka dangin ya rarrabu: Tafkin Tanganyika kaɗai yana da jinsi 4 da babu su a ko'ina, Tafkin Albert da Tafkin Turkana kuma kowanne yana da wani ƙaramin jinsi da ke zama a zurfafan wurare.

Abin da ke buƙatar bayani shi ne yadda kifi ɗaya ya kasance a kogunan da a yau babu ruwan da ya haɗa su. Tsakanin Nilu da Tafkin Cadi hamada ce, tsakanin Cadi da Kwara ma tudu ne. Amsar tana cikin tarihin yanayi. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina ta fi ta yanzu ƙarfi nesa ba kusa ba, Sahara kuma ƙasa ce ta ciyawa da tafkuna. Tafkin Cadi a lokacin ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, yana tumbatsa ta Mayo Kebbi ya zuba cikin Binuwai, daga nan zuwa Kwara. Irin wannan zamani na ruwa ya sha zuwa yana wucewa tun kafin wannan na ƙarshe, kuma kowane zuwa yakan buɗe wa kifaye hanya daga wannan kwari zuwa wancan.

Shaidar tana nan a ƙasa. A Gobero, gabas da Agadas a bakin hamadar Tenere, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000. Mutanen da suka zauna wurin kimanin shekara 9,000 da suka wuce masunta ne a gaɓar tafki, kuma cikin jujinsu an samu ƙasusuwan manyan giwan ruwa tare da masun da aka sassaƙa da ƙashi. An samu irin waɗannan ƙasusuwa a arewacin Mali, inda yau babu ko ɗigon ruwa. Kusa da gida ma akwai alama: Dallol Mauri, busasshen kwarin nan da ya ratsa Dogon Dutsi ya bi ta yamma da ƙasar Arewa ya sauka Kwara kusa da Gaya, da Dallol Boso da ke yamma da shi, tsofaffin hanyoyin koguna ne da suka taɓa kwaso ruwa daga arewa. Da Sahara ta bushe, sai kifin ya maƙale a ruwayen da suka rage. Shi ya sa a yau ake samunsa a Nilu, Cadi, Kwara da Binuwai, Sanagal, Bolta da Kwango, da tafkunan Albert da Turkana da wasu na kudancin Habasha.

Wuri ɗaya da bai kai da kansa ba shi ne Tafkin Biktoriya, domin gangaren ruwa na Murchison ya tare masa hanya. Mutane ne suka kai shi, a shekarun 1950 a ɓoye, sannan a 1962 da 1963 a hukumance daga ɓangaren Yuganda, da nufin ya cinye ƙananan kifayen tafkin ya mai da su nama mai tsada. Ya yi shiru kusan shekara 20, sai a shekarun 1980 ya yi yawan da ba a zata ba. Daga cikin jinsi wajen 500 na ƙananan kifayen da babu su a ko'ina sai wannan tafki, kimanin 200 suka ɓace ko suka kusa. A maimakonsu aka samu masana'antun yankan kifi a Mwanza da Kisumu da Jinja, ana tura tsokarsa Turai, jakar iskar da ke cikinsa kuma ana busarwa a sayar wa 'yan kasuwar Sin da tsada. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin baƙin halittu 100 mafi ɓarna. A Kwara da Rima bai taɓa yin irin wannan ta'adi ba, saboda kifayen da yake ci sun daɗe da sanin sa, akwai kuma tsage da yauni da kada da ke raba farauta da shi.

Mazauninsa ya bambanta da shekarunsa. Ƙananan, masu zane-zanen ruwan ƙasa a jiki, suna fakewa a ruwa marar zurfi cikin burugu da bado, suna cin ƙananan halittun ruwa da tsutsotsin ƙwari, daga baya su koma kan jatan lande da 'ya'yan kifi. Idan sun tasa sai zanen ya gushe, su nufi zurfi. Babban giwan ruwa mazaunin gurbi ne, yana son wurin da kogi ya yi kwana ya haƙa rami, ko gindin dutse, ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, inda zai laɓe ya jira abin da zai haɗiye. Yakan balaga a wajen shekara 3, yana kuma iya kai wa shekara 16.

Rauninsa ɗaya ne, amma babba: ba ya jure ruwan da iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ciki. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, har takan ja ciki a kan laka daga kududdufi zuwa kududdufi. Gaiwa takan binne kanta a busasshiyar laka ta jira damina. Bargi da yauni sukan taso sama su kurɓi iska. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru, don haka idan gurbi ya ƙafe ya yi zafi, ganye ya ruɓe a ciki, shi ne kan fara juya ciki sama. An ga haka ƙarara a Tafkin Cadi. A. J. Hopson ya yi nazarin kifin daga tashar bincike ta Malam Fatori ya wallafa sakamakonsa a 1972, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya kama. Cikin 'yan shekaru tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya koma fadama mai ciyawa a yawancin sassansa, giwan ruwa ya ja baya ƙwarai, tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa suka gaje wurin.

Wannan rauni shi ne mabuɗin fahimtar zamansa a kwarin Rima. Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau, Rima kuma tana tattaro ruwan Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare. Suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, sannan ruwan ya karkata kudu ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi cikin fadama mai faɗin kilomitoci, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka kafin ya isa Kwara. Ruwan sama na watanni 4 ne kacal, daga Yuni zuwa Satumba. A Agusta da Satumba kogin kan cika ya malale fadama, kifaye su hauro daga Kwara su bazu cikin ciyawa da gonakin shinkafa su hayayyafa, 'ya'yansu su sami abinci da mafaka. Daga Nuwamba ruwa ya fara ja, wasu kifayen su bi shi su koma Kwara, wasu su maƙale a tafkuna da gurabun da suka yanke. M. J. Holden, jami'in kifi na gwamnatin Jihar Arewa, ya ƙidaya kifayen irin waɗannan gurabu na rani a Gulbin Sakkwato, aka buga rahotonsa a 1963, kuma littafin da W. Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967 kan kifayen Arewacin Nijeriya ya jera su da sunayensu na Hausa. A cikin gurabun nan, masu zurfin da ba sa ƙafewa har bazara ne kaɗai ke iya riƙe babban giwan ruwa shekara da shekaru. Ba su da yawa, kuma kowanne masunta sun san shi da sunansa.

Kabawa mutanen ruwa ne tun kafin Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a ƙarni na 16 ya gina Surame. Sarkawa, masuntan da asalinsu ke haɗe da Sorko na ƙasar Songhai, sun zauna a gaɓar gulbin suka zama Hausawa, kuma daga nan zuriyarsu ta bazu da jirage zuwa Yawuri da Binuwai da Tafkin Cadi. Tsarin da suka gada bai bar gurbi a hannun kowa da kowa ba. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, akwai kuma al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda da su ake rufe gurbi a kuma buɗe shi. Kafin a yi fashin ruwa babu mai jefa taru ko ya shimfiɗa mamari a wurin da aka hana. Ko mene ne mutum zai ce game da tsafe-tsafen da suka dabaibaye waɗannan al'adu a da, amfaninsu ga kifi a fili yake: gurbin da aka bari ya huta wata 11 yana ba giwan ruwa damar ƙara shekara a kan shekara.

Siyasa ce ta mai da wannan su na gargajiya biki. Mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo sun ci Birnin Kebbi a 1805, sarautar Kabi ta koma Argungu a zamanin Sama'ila Karari, Yakubu Nabame kuma ya sake ɗaga tutar tawaye a 1849. Daga nan aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, har zuwan Turawa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su a matsayin tarba, kuma daga wannan shekara ake ƙirga tarihin bikin. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Ranar babban su, cikin Fabrairu ko Maris, dubban maza kan jeru a gaɓar Matan Fada, gurbin da ake yin bikin a Argungu, kowanne da homa biyu da babbar gora. Da an harba bindiga sai su ruga su faɗa ruwa. Gorar ita ce abin hawa, masunci ya kifa cikinsa a kanta yana iyo, ita ce kuma ma'ajiyar ƙananan kifayen da ya kama, yana zura su ta bakinta. Homa kuwa yakan buɗe su a ƙarƙashin ruwa, ɗaya a kowane hannu, ya haɗe bakinsu idan ya ji motsi. Makaɗa na bin su cikin jirage. Cikin ɗan lokaci ruwan ya dagule ya zama laka, kuma wannan dagulewa tana taimakon masunta, domin kifin da ba ya jure ƙarancin iska dole ya bar maɓoyarsa. Wanda ya yi gamo da babba ba ya iya fito da shi shi kaɗai. Sai an taru an zura igiya ta baki ta fito ta kumatu, a ja shi zuwa ma'auni. Na 2005 ya kai kilo 75, mutum 4 suka ɗaga shi. A 2008 an ƙwace kyautar daga hannun wanda aka fara bai wa, bayan bincike ya nuna cewa kifin nasa mai kusan kilo 66 daga wani ruwa aka shigo da shi. Bikin ya tsaya bayan 2009, ya dawo a Maris 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Gulbin da ke ciyar da Matan Fada ya canza tun daga shekarun 1970. An gama madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 450, aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, mai ɗaukar miliyan 942. Binciken da W. M. Adams ya yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna cewa ambaliya ta ragu a faɗi da tsawon kwanaki, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ya faɗi, masunta da yawa suka koma cin rani. A 2006 ruwan Matan Fada ya yi ƙasa har aka hana shiga su a bikin shekarar. A ɗaya gefen, madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta samar da tafki mai zurfi da ya kai har Yawuri, ya zama babbar matattarar giwan ruwa a Jihar Kebbi, kuma cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa tana gaɓarsa a New Bussa. Noman rani ya ƙara wani nauyin. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, injinan ban-ruwa suka yawaita a fadama, suna zuƙa daga kogi da rijiyoyin burtsatse a daidai watannin da gurabu suka fi bukatar ruwa. Ga kuma yashi da ke cike ramuka, da tarun mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su bar cikin burugu ba.

Sarkin Ruwa yana da ikon hana kamu a Matan Fada, kuma hanin yana aiki har yau. Yawan ruwan da zai iso gurbin a watan Fabrairu kuwa ya dogara ne da damina da kuma ƙofofin Goronyo da Bakolori, waɗanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta gwamnatin tarayya, mai hedikwata a Sakkwato.